Hatimin Ƙasashe Bakwai

Ni sana'ata sassaƙa hatimi. Shekara talatin da ɗoriya ina zaune a shago ɗaya, tela a damana, mai aski a haguna, da reza da allura da guntayen roba a gabana. Makarantun unguwarmu, kantin magani, ƙungiyar masu babur, duk hatiminsu daga hannuna ya fito. Amma in ka shigo layinmu ka tambayi mai hatimi, sai an ɗan tsaya tunani. Ka ce Sarkin Tafiya, kowa zai nuna maka ƙofata da baki.

Ga yadda na samo sunan. Shekara tara da suka wuce basir ya yi mini kamun da ba na iya zama sai a gefe ɗaya. Aka ce akwai likitan da ya ƙware a aikin a ƙasar da ke maƙwabtaka da mu, tafiyar yini ɗaya a mota. Na yi fasfo a ɓoye, na tafi a ɓoye, aka yi mini aiki, na kwanta rub da ciki sati uku ina kallon bangon asibiti. Matata da 'yarmu kaɗai suka sani. Ranar da na koma shago ina tafiya ƙafa a ware kamar agwagwa, tela ya ɗago daga kan kekensa ya ce, "Ina ka shiga haka ba sallama?"

Bakina ya riga ni. "Ƙasashen waje."

"To wannan tafiyar fa?"

"Zaman jirgi ne. Awa goma sha huɗu a kujera ɗaya, kai ba za ka gane ba."

Da farko ƙasa biyu ce. Kafin shekara ta zagayo sun zama bakwai, da dusar ƙanƙara, da jirgin ƙasa mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, da wani minista da muka sha shayi tare. A bakwai na tsaya, domin matata ta ce ranar da na kai takwas za ta fito da takardar sallamar asibiti ta liƙa a ƙofar shago.

'Yarmu guda ɗaya ce tak. Nas ce, ta tafi aiki wata ƙasa mai nisa ita da mijinta, shekara huɗu ba mu sa ta a ido ba. Sai ga shi ta haihu, namiji, jikanmu na fari. Ta nuna mana shi a waya, ɗan ja, ya dunƙule hannu yana hamma, ni kuwa na riƙe wayar da hannu biyu kamar zai zamo ya faɗo. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so in ɗauki yaron nan in ji nauyinsa ba.

"Baba, na turo takardar gayyata," in ji ta. "Ku nemi bizar ziyara ku zo ku gan shi tun yana ƙanshin jarirai. Za su tambayi inda ka taɓa zuwa. Ka rubuta gaskiya kawai. Tafiyarka ta asibiti ma ta isa, ka je ka dawo kan lokaci, abin da suke son gani ke nan."

Na rage muryar wayar, na waiga ko tela na kusa. "Yarinya, harkar tafiya za ki koya mini?"

Matata ta kalle ni. Washegari da sassafe ta tsallaka titi wurin mai kwamfuta ita kaɗai, ta cike nata fom ɗin, ta dawo ta ɗora tukunya. Ni kuwa ban ga dalilin da babban mutum zai cike fom a ɓoye ba. Da hantsi na tafi, tela da mai aski na biye da ni, sun rufe shagunansu don su ga yadda ƙwararru ke yi.

Mai kwamfuta mutum ne mai karanta komai da ƙarfi. Suna, shekaru, sana'a, duk muka wuce lafiya. Sai ya ce, "Ƙasashen da ka ziyarta cikin shekara goma."

"Buɗe layi bakwai," in ji tela.

"Ka bar shi ya faɗa da bakinsa," in ji mai aski, ya jawo kujera ya zauna.

Ni duk ilimina na ƙasashen duniya daga sharhin ƙwallo na rediyo na samo shi. Na gyara murya na fara jerowa. Ɗaya, biyu, uku, suka zo da gudu. Ta biyar da ta shida sai da na yi tari a tsakani. Ta bakwai ta ƙi zuwa. Na duba silin, na duba fanka, sai wani suna da nake ji kowace Asabar ya faɗo mini, na sake shi.

Mai kwamfuta ya yi ta dube-dube. "Babu ita a jerin da ke nan."

"Sabuwar ƙasa ce, ba ta daɗe da samun 'yanci ba. Sa ta a wurin sauransu."

"Ni sai nake ji kamar na san sunan nan," in ji mai aski.

"Daga bakina ka ji shi."

Mai kwamfuta ya danna, fom ya tafi. Sannan ya karanta layin ƙarshe da na so a ce ya fara da shi. Ranar ganawa a zo da shaidar tafiye-tafiyen da aka rubuta, tsohon fasfo mai hatimin shiga da fita, da duk abin da zai tabbatar.

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji tela, ya dafa kafaɗata. Na ce ƙwarai kuwa.

Da hoto na fara. Na ce musu hotunan tafiyata ruwa ya shiga akwati ya lalata su, ba laifi ba ne in an sake ɗaukar abin da ya riga ya faru. Mai kwamfuta ya ce zai iya tsayar da ni cikin dusar ƙanƙara. Sai mai aski ya kawo gyara, ya ce shekara tara da suka wuce gemuna baƙi ne wuluk, yanzu kuwa fari ya cinye rabi. Ya ɗauko wani rini a leda da ya ce ya daɗe yana neman wanda zai gwada a kansa. Tela ya aro mini farar kot ta wani kwastoma, ya ja mini kunne kada ko ƙuda ya sauka a kanta.

Ƙarfe biyu na rana, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya. Na tsaya gaban koren ƙyalle cikin kot da mayafin ulu a wuya, mai kwamfuta na cewa in yi kamar ina jin sanyi. Gumi ya tsatso, rini ya narke, ya bi wuyana ya gangara kan kot layi biyu. Tela ya yi wata ƙara kamar allura ta shige masa yatsa, ya cafke ni ta baya yana ƙoƙarin tuɓe ni, mai kwamfuta kuwa ya ɗauki hotonsa a haka.

Da yamma na nuna wa matata wanda ya fi dama a ciki. Ta kai shi bakin taga ta duba.

"Wace ƙasa ce wannan?"

"Ta huɗu."

"Ƙanƙara har gwiwa, kai kuma da silifas. Hannun waye a wuyanka?"

"Wani abokina ne ɗan can."

"Da tef ɗin awo a rataye?"

Na karɓe hoton. Kafin gari ya waye rinin nan ya sa haɓata ta kumbura, na kwana uku ina magana ta gefen baki. Tela ya daina gaishe ni har sai da aka wanke kot sau huɗu.

A nan mai hankali zai tsaya. Ni kuwa ina zaune a shago ina shafa haɓa, sai na dubi rezata na ji kunyar kaina. Hatimi ake nema, ni kuma ina yawon neman hoto. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sassaƙa hatimi, a ce hatimi ne zai hana shi ganin jikansa?

Na ɗauko tsohon fasfona a akwatin matata. Duk shafukan farare fes, sai shafi na biyar. A nan hatimi biyu ne, na shiga da na fita, a karkace, tawada ta dusashe, gefe ɗaya bai ma fito ba. Na kalle su na ji takaici a matsayina na mai sana'a, domin ko yaron da ya yi wata ɗaya a hannuna ba zai fitar da wannan aika-aika ba. A ƙasansu kuma jami'in iyaka ya rubuta kalma ɗaya da biro: jinya.

Na sauke ƙofar shago rabi, na zauna aiki. Ban taɓa ganin hatimin waɗannan ƙasashe ba, amma ban ga abin damuwa ba, ai hatimi hatimi ne. Wadda na ji an ce tana bakin teku na yi mata kifi. Wata na yi mata dutse da rana a bayansa, wata jirgin sama, wata reshen itace. Ta bakwai na tuna ina ganin zaki a ƙirjin rigunan mutanenta, na sassaƙa mata zaki da haƙora, ya fi sauran girma. Wallahi ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba.

Akwai wata ɗabi'a tawa. Duk hatimin da na yi, ina sassaƙa lambar wayata a zagayen bakinsa, ƙanana ƙwarai, wanda bai sani ba sai ya ɗauka ado ne. Da ita nake alfahari a gaban masu hatimin inji, don ba wanda ya iya ta sai ni. Ina gama na kifi na ga hannuna ya riga ya sa ta ba tare da ya shawarce ni ba. Na ɗauki reza zan kankare, na kalli kyan aikin, na ji ba zan iya ba. Aiki irin wannan ya fita ba shaidar mai shi? Kuma wa zai gani? Na sa wa sauran shidan ma don su yi daidai.

Rana ta uku tela ya sunkuyo ta ƙarƙashin ƙofa neman almakashinsa. Ya ga hatimai bakwai jere a tebur, ya ɗauki zakin yana juyawa.

"Na wace makaranta ce wannan?"

"Ba makaranta ba ce. Kwangila ce daga waje."

"Daga waje?"

"Ƙasashen da na je ne. Sun ga aikina, nasu ya tsufa, suka ce in yi musu sababbi. Amma ka riƙe a cikinka."

Tela ya ajiye zakin a hankali da hannu biyu. Ya ce shi dai ya san ba banza yake maƙwabtaka da ni ba, kuma yana so ya ga fasfon nan da idonsa kafin a kai wa Turawa. Na ce ya dawo bayan la'asar.

Yana fita na hau bugawa. Hatimin kwanan wata na shago tsoho ne, zoben da ke juya lambar rana ya cije bayan ƙasa ta huɗu, na juya na juya ya ƙi, na buga sauran ukun a haka. Saura shafi na biyar. In tela ya ga kalmar nan jinya, kafin magariba duk layi ya san irin jirgin da na hau. Na jiƙa zaki da tawada sosai, na ɗora shi a kan tsofaffin hatimai biyun nan da rubutun biro, na danna da ƙarfina duka. Suka ɓace ɓat.

Tela ya gani ya yi ta jinjina kai. Matata ta gani ta daɗe tana kallon shafi na biyar.

"Ka rufe na gaskiyar," ta ce.

"Na gyara shi dai."

"Guda ɗaya gare ka, ka rufe shi." Ta mayar mini da fasfon. "Ranar ganawa kada ka tsaya kusa da ni. In an tambaye ka, a layi muka haɗu."

Ranar ta zo. Tela da mai aski suka raka mu har ƙofar ofishin jakadanci. Ba a shiga da waya, don haka na damƙa wa tela tawa, na ce in kwastoma ya kira ya yi masa magana mai daɗi. Muka shiga wani babban zaure mai kujerun ƙarfe, mutane sun fi hamsin, kowa da fayil a cinya. A gaba tagogi huɗu ne na gilashi, kowace da 'yar lasifika, duk abin da aka faɗa a taga ana jinsa har kujerar baya.

Na ga mutane a tsorace, tausayi ya kama ni. Na fara da wani saurayi mai rawar ƙafa a gefena, na ce ya kalli idonsu, kada ya yi in'ina, su mutanen can ba sa son mai sunkuyar da kai. Kafin minti goma layi uku sun juyo suna saurarona. Wata tsohuwa ta ce Allah ne ya haɗa su da ni. Na fito da fasfo na zagaya da shi, kowa ya taɓa zaki.

Aka kira lambar matata. Ma'aikaciyar tagar wata mata ce mai tabarau, na shirya mata Turancina tun a gida, sai na ji ta buɗe baki da Hausa tsab.

"Mama, kin taɓa fita ƙasar waje?"

"Ban taɓa ba."

"Me za ki je yi?"

"Jikana zan ɗauka."

"Za ki dawo?"

"Dole. Na bar wani a gida, in na wuce wata biyu zai sayar da gidan da baki."

Ma'aikaciyar ta yi murmushi, ta duba takardu, ta jefa fasfon matata cikin wani kwando, ta miƙo mata 'yar takarda. Na juya wurin ɗalibaina na girgiza kai.

"Kun ga illar rashin tafiya. Sun ƙwace fasfon."

"Baba, ai in sun riƙe fasfo sun ba ka ke nan," in ji saurayin mai rawar ƙafa.

"A wasu ƙasashen," na ce. Sai aka kira lambata, a wannan tagar dai.

Na tura takarduna ta ƙasan gilashi, na ɗora tsohon fasfo a sama. Ta buɗe, ta juya shafi, ta sake juyawa, ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Baba, ka yi yawo."

"Ɗan kaɗan ne."

"Na ga ranar sha huɗu ga wata ka shiga ƙasa huɗu, ka fita daga huɗun."

"Jirgin ne mai sauri. Kuma ni ba na son zama wuri ɗaya."

"Wannan ta bakwai, mai zaki, ina take?"

"Kusa da ta shida. Kina fita ki yi dama."

"Mene ne babban birninta?"

"Ai ban shiga gari ba, a filin jirgi na gama abin da ya kai ni."

"Baba, wannan ƙungiyar ƙwallo ce. Ƙanena ita yake goya wa baya."

Wani ya yi tari a baya, irin tarin da ake yi don danne dariya. Na ce mai yiwuwa sunansu ne ya zo ɗaya, ana samun haka. Ta jawo durowa ta fito da gilashin ƙara girma, ta sunkuya kan kifi. Ta koma kan dutse. Ta koma kan jirgi. Leɓenta na motsi, na gane lamba take karantawa.

"Abin mamaki," ta ce. "Ƙasa bakwai, lambar waya ɗaya."

"Haɗin kai ne tsakaninsu."

"Bari mu gaishe su."

Ta jawo wayar tebur, ta danna lambar tana dubawa a bakin zaki, ta buɗe murya. Ta yi ƙara sau biyu. Sai muryar tela ta cika zauren, da ƙarar motoci a bayansa.

"Shagon Sarkin Tafiya, barka da rana."

"Barka dai. Mai hatimi nake nema."

"Yana ciki wurin biza, yanzu zai fito. Hatimi kike so, Hajiya? Kin zo wurin da ya dace."

"Yana yin na ƙasashen waje?"

"Shi ne ma aikinsa. Makon jiya ƙasa bakwai ya yi wa, da idona na gani. Akwai mai kifi, akwai mai zaki. Ke wace dabba kike so?"

"Na gode, zan sake kira."

Zauren ya fashe. Tsohuwar da ta ce Allah ne ya haɗa su da ni ta riƙe ciki tana share hawaye da gefen mayafi. Mai gadi ya juya wa mutane baya, kafaɗunsa na rawa. Na waiga neman matata, na gan ta a kujerar ƙarshe ta ƙura wa bango ido kamar a layi muka haɗu.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Ma'aikaciyar ta sa shafi na biyar ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila, ta matso da fuska.

"Akwai wani hatimi a ƙarƙashin zakin nan. Biyu ma. Waɗannan na gaske ne." Ta ɗago. "Ka taɓa fita ke nan. Me ka je yi?"

Na matsa bakina jikin gilashi na faɗa a hankali.

"Ban ji ba, Baba. Ka yi magana ta lasifika."

"Basir," na ce, lasifika ta kai shi har bakin ƙofa.

Wannan karon ba a yi dariya sosai ba, sai wani dattijo can gefe da ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Ma'aikaciyar ta rufe fasfon ta ajiye shi gefenta, ba cikin kwando ba.

"Ka je jinya, ka dawo kan lokaci, ga takardar 'yarka, ga shagonka. Da wannan kaɗai ka kawo mini, da yanzu fasfonka na tare da na waccan baiwar Allah." Ta dafa fasfon. "Tsohon fasfon nan ya zauna a wurinmu. Kuma ba za ka sake nema ba sai bayan shekara biyar. Ka gode ban kira kowa ba."

Shekara biyar. Na lissafa a tsaye, yaron zai shiga makaranta ban taɓa ɗaukarsa ba. Ta jawo takardar ƙi, ta ɗauki hatimin ofis ta buga, ta turo mini. Na duba, harafin ƙarshe bai fito ba.

"Hatiminku ya cinye ta gefen dama," na ji bakina ya ce.

"Baba, tafi gida."

A waje tela ya tarbe ni da fara'a har kunne, yana ɗaga wayata sama. "Albishirinka. An kira daga wani babban ofis, na yi maka talla mai kyau, ta ce za ta sake kira."

Kafin in buɗe baki saurayin mai rawar ƙafa ya fito da 'yar takardarsa ta nasara, ya tsaya ya gaishe ni da ladabi, ya ce shi ma kawunsa ya yi fama da basir, in daina cin yaji. Mai aski ya dubi saurayin, ya dube ni, ya dubi ƙafafuna. Na ga shekara tara suna warwarewa a fuskarsa.

"Zaman jirgi," ya ce a hankali.

"Awa goma sha huɗu," in ji tela, ya zauna a bakin kwalbati don dariya ta hana shi tsayuwa.

Tun daga ranar sunana ya canza a layi. Yanzu in ka tambayi Sarkin Tafiya ba wanda zai amsa, sai ka ce Zaman Jirgi. 'Yata da ta ji labari ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Haba Baba," na ji yaron na kuka a bayanta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na raka matata filin jirgi, karo na farko da na ga cikinsa da idona. A hanya na fara gaya mata yadda ake ɗaura bel, ta juyo ta kalle ni, na koma kallon taga. Da na dawo shago na nemi ƙaramin kushin tawadata da nake jiƙa hatimi a kai na rasa, na zargi tela har muka yi kwana biyu ba ma magana.

Sati shida matata ta yi a can. Ranar da ta dawo ta buɗe akwati, ta fitar da tsarabar maƙwabta, ta ba ni safa da hula. Can ƙasa ta zaro kushin tawadata ta ajiye a gabana, sannan ta miƙo mini wata farar takarda a cikin leda.

"Ga naka. Sau uku muka gwada, ba ya tsayawa."

Sawun ƙafar jikana ne, ɗan ƙarami, bai kai tsawon yatsana ba. Ya ɗan karkace, dunduniya ta sha tawada da yawa, ƙaramin yatsa da ƙyar ya fito. Na ɗauko gilashin aikina na sunkuya a kai, na bi layukan tafin ɗaya bayan ɗaya, har gilashin ya yi hazo na daina gani. Matata ta tashi ta shiga kicin, ta bar ni.

Na sa shi a firam na rataye a shago, daidai saman tebur. Washegari tela ya leƙo aron reza, ya tsaya yana kallonsa, bakinsa ya fara motsi irin na mai shirin tsiya.

"Zaman Jirgi, wannan kuma hatimin wace ƙasa ce?"

"Wadda ban je ba," na ce.

Ya ɗauki rezar ya koma kan kekensa.